Tambaya da Amsa: Yawon Yini Guda a Tsaunukan Wuta na Ayislan

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a kan magana ɗaya, wato yawon yini guda da ake kai baƙi cikin tsaunuka masu aman wuta da ke tsakiyar ƙasar Ayislan. Mun haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana taimakon 'yar'uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu huɗu ne muke karatu a Ingila, kuma mun yi niyyar zuwa Ayislan a hutun watan Yuli. Mun ga kamfanoni suna kai mutane yawon yini guda zuwa Landmannalaugar da Askja tare da ja-gora, amma kuɗin ya yi mana yawa. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu yi hayar mota kawai mu bi taswirar waya, tunda shi ya saba tuƙi daga Kano zuwa Maiduguri. Mene ne shawararka, kuma wanne ya fi dacewa mu je cikin wuraren biyu? Daga wani ɗalibi a birnin Manchesta.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ku biya kuɗin ja-gora, ko da zai sa ku rage kwana ɗaya daga cikin kwanakin da kuka tsara yi a ƙasar. Ba na raina gwanintar abokinku, domin wanda ya iya hanyar Maiduguri direba ne, sai dai abin da ke tsakiyar Ayislan bai yi kama da kowace hanya da ya taɓa bi ba, kuma Hausawa sun riga sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Ayislan tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 103,000, mutanensa ba su wuce 400,000 ba, kuma kusan dukansu a gefen teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar tudu ne babu gari, babu ƙauye, babu gona, babu ko bishiyar da mutum zai fake a ƙarƙashinta. Baƙin rairayi ne da toka da ƙonannen dutse iya ganin ido, sai manyan tsaunukan ƙanƙara da koguna ke gangarowa daga gindinsu. Dalilin yawan aman wuta a wurin shi ne tsibirin yana zaune a kan tsagar da ta raba manyan faifan ƙasa biyu, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, waɗanda suke nisantar juna da kimanin santimita 2 a kowace shekara, narkakken dutse kuma yana tasowa daga ƙasa yana cike gurbin.

Hanyoyin da suka shiga wannan daji an sa musu harafin F a gaban lambarsu, kamar F88 da F225. Ƙanƙara ce ke rufe su mafi yawan shekara, ba a buɗe su sai tsakiyar Yuni ko farkon Yuli, a sake rufewa wajen Satumba ko Oktoba, kuma doka ba ta yarda a bi su da ƙaramar mota ba, sai jif mai jan taya huɗu. Babban abin da nake so ku riƙe shi ne da yawa daga cikin kogunan da suka ratsa hanyoyin nan ba su da gada, cikin ruwan ake shiga da mota a fita ta ɗaya gefen. Taswirar waya za ta nuna muku layin hanya ya ƙetare kogi, amma ba za ta gaya muku zurfinsa a wannan sa'ar ba. Kogin da ke fitowa daga ƙanƙara yakan yi ƙasa da safe, ya cika da yamma bayan rana ta narkar da ƙanƙarar, saboda haka mashigin da kuka bi da hantsi ruwa bai kai gwiwa ba yana iya kai wa ƙugu lokacin da kuka dawo da la'asar. Ruwan kuma gurɓatacce ne kamar kunun kanwa, ba a ganin ƙasansa.

Na taɓa tsayawa a bakin kogin Lindaa, a kan hanyar Askja, ina kallon yadda direbanmu ya yi da shi. Ya kashe mota ya sauka, ya yi tafiya a bakin ruwan sama da ƙasa yana dubawa, bai ce da kowa komai ba. Wurin da ruwan ya kwanta lumui, wanda ni da idona na ɗauka shi ne mafi sauƙi, nan ya guje wa, domin a nan zurfin yake. Ya zaɓi inda ruwan ya baje yana ƙananan igiyoyi a kan tsakuwa, ya koma ya sa ƙaramar giya, ya shiga a hankali yana ɗan karkata da bin ruwa, bai canja giya ba kuma bai tsaya ba har muka hau tudu. Abin bai ɗauki minti biyu ba, amma shekarun da ya yi yana bin hanyar ne suka ƙetarar da mu, kuma wannan sanin shi ne kuke saya idan kun biya ja-gora. Ku sani kuma cewa inshorar motocin haya a ƙasar yawanci ba ta ɗaukar ɓarnar da ruwa ya yi wa inji a mashigi, don haka idan injin ya sha ruwa, kuɗin gyara da na janyo motar daga daji duk a wuyanku suke, kuma za su ninka kuɗin ja-gorar da kuke gudu sau da yawa.

Akwai kuma dokar da baƙi suke yawan takawa cikin rashin sani. Haramun ne a ƙasar mota ta sauka daga kan hanya ta bi fili, ko da filin rairayi ne fetal da ba a ga komai a kansa ba, kuma tarar tana da nauyi. Gansakukar da ta lulluɓe duwatsun nan tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta farfaɗo idan taya ta murƙushe ta, sawun taya ɗaya kuma yakan zama hanyar da ruwa da iska za su bi su zaizaye ƙasa. Ina ganin dokar nan daidai ce, kuma na fi son ɗan ƙasarmu ya je ya dawo ba a ce ya bar tabo a ƙasar mutane ba.

Game da zaɓi tsakanin wuraren biyu, idan a Reykjavik, babban birnin ƙasar, za ku sauka, Landmannalaugar ne naku. Nisansa daga birnin kimanin kilomita 180 ne, tafiyar awa 3 zuwa 4, kuma yana cikin gandun Fjallabak da aka keɓe tun 1979. Abin da ke kai mutane can shi ne launin duwatsun, domin irin dutsen wurin da tururin ƙarƙashin ƙasa sun haɗu sun rina tsaunukan da ja da rawaya da kore da shuɗi, kamar an shanya atamfofi a kan tudu. A gaban masaukin baƙi na wurin akwai baƙin filin ƙonannen dutse mai suna Laugahraun, wanda ya malalo a aman wutar da aka yi wajen shekarar 1477, kuma ta cikinsa ja-gora zai bi da ku zuwa gindin tsaunin Brennisteinsalda, inda ƙasa take fitar da tururi mai warin farar wuta. Mai ƙarfin gwiwa yana iya hawa tsaunin Blahnukur, mai tsayin kimanin mita 940, ya hango tsaunukan ƙanƙara daga samansa. Adalci ya sa in faɗa cewa a nan maganar abokinku tana da ɗan kamshin gaskiya, domin hanyar da ta shigo Landmannalaugar ta arewa ba ta da mashigi sai na ƙarshe dab da masaukin, kuma ana iya ajiye mota kafin a kai gare shi a ƙarasa da ƙafa. Akwai kuma manyan motocin safa masu dogayen tayoyi da ke zuwa can kullum daga Reykjavik a lokacin da hanya take buɗe, kuɗinsu bai kai na ja-gora ba. Idan aljihu ya ƙi, ku hau safar, ku tsaya a kan sawun da aka kafa wa turaku masu launi, kuma ku tambayi masu gadin gandun halin da sama take ciki kafin ku ɗaga ƙafa.

Askja kuwa, wanda dutse ne mai aman wuta da ke da babban rami a samansa, wani abu ne daban, kuma ban yarda baƙon da bai taɓa ƙetare kogi da mota ba ya tunkare shi shi kaɗai. Yana arewa da babban tsaunin ƙanƙara na Vatnajokull, kuma yawon yini guda zuwa can daga yankin tafkin Myvatn yake tashi, wanda shi kansa tafiyar kimanin awa 6 ce daga Reykjavik. Zuwa da dawowa yakan ci awa 11 zuwa 12, mafi yawansu a cikin mota ana girgiza a kan ƙonannen dutsen Odadahraun, dajin da a da masu laifin da aka kora daga cikin jama'a suke ɓuya a cikinsa. Za ku wuce tsaunin Herdubreid mai shimfiɗaɗɗen kai kamar teburi, sannan daga inda mota ta tsaya ku taka kimanin kilomita 2 da rabi, sau da yawa a kan ƙanƙara ko a watan Yuli, kafin ku iso bakin ramin. A shekarar 1875 dutsen ya yi aman da tokarsa ta binne gonaki a gabashin ƙasar, har ta sa mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka, saman dutsen kuma ya burma ya zama tafkin Oskjuvatn mai zurfin fiye da mita 200. A gefensa akwai ƙaramin rami mai ruwan ɗumi fari-shuɗi da ake kira Viti, ma'anarsa jahannama. A 1907 Jamusawa biyu, Walter von Knebel da Max Rudloff, sun shiga tafkin da ƙaramin kwalekwale, ba a sake ganinsu ba har yau. Saboda kamar da wurin ya yi da doron wata ne ma hukumar NASA ta kai 'yan sama jannatin shirin Apollo can a 1965 da 1967 domin su koyi sanin duwatsu, kuma Neil Armstrong yana cikin ayarin na biyu.

Kafin ku biya kowane kamfani, ku tabbatar yana da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, ku tambayi mutum nawa ake ɗauka a mota, da abin da za a yi da kuɗinku idan iska ko ruwa suka hana tafiya. Kamfanin da ya ce muku shi ba ya taɓa fasa tafiya, ku nemi wani. Kada kuma ku manta cewa bizar Ingila ba ta shiga Ayislan, domin ƙasar tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, sai kun nemi tata bizar tun da wuri.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jamus, kuma maigidana ya yanke mana tikitin irin wannan yawo zuwa Landmannalaugar tare da ɗanmu mai shekara 9. Damuwata ita ce tufafi, da abinci, da yadda za mu yi da salla a ƙasar da aka ce rana ba ta faɗuwa. An kuma ce akwai wurin wanka na ruwan zafi, shin dole ne a shiga?

Amsa: Barka kadai, Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Kada sunan bazara ya ruɗe ki, domin a kan tudun nan zafin rana a watan Yuli sau da yawa ba ya wuce digiri 10, kuma a cikin awa guda ana iya yin rana, a yi ruwa, a yi iskar da za ta hana mutum tsayuwa. Sanyin ba shi ne babban abokin gaba ba, jiƙewa tare da iska su ne suke kayar da mutum, kuma ke da kike aikin asibiti kin fi ni sanin yadda jikin yaro yake saurin rasa ɗuminsa. Ku sa tufafi hawa uku: na ulu a jikin fata, rigar sanyi a kai, sannan riga da wandon ruwa waɗanda iska ba ta ratsawa. Ku bar auduga da wandon jins a masauki, domin idan suka jiƙe ba sa bushewa kuma suna zuƙe ɗumin jiki. Hijabi mai faɗi iska za ta riƙa fizgarsa a kan tudu, don haka ya fi kyau ki sa ɗan madaidaici ki cusa shi cikin rigar ruwa, ki ɗora doguwar riga mai kauri wadda ba ta jan ƙasa. Takalmi ya zama mai rufe idon sawu mai taurin ƙasa, saboda ƙonannen dutse yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba, kuma kowa ya riƙe safar hannu da hular sanyi.

Abinci ku tafi da naku, da shayi mai zafi a filas, da dabino ko gyaɗa a aljihun yaron. Idan za ku saya a hanya, kifi shi ne mafi sauƙi, kuma ki kula da tsiran nan nasu da ake sa wa a burodi, wanda ake sayarwa a kowane gidan mai, domin naman rago da na sa da na alade ake haɗawa a cikinsa.

Maganar salla ta fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane. A Reykjavik rana tana faɗuwa ko a tsakiyar bazara, sai dai takan kai wajen ƙarfe 12 na dare a ƙarshen Yuni, ta sake fitowa wajen ƙarfe 3, kuma duhu ba ya kankama a tsakani. Sallolin da za su riske ku a cikin yawon Azahar da La'asar ne kawai, kuma rana takan yi tsaka wajen ƙarfe 1 da rabi a agogon ƙasar, lokacin kuna Landmannalaugar, inda akwai ruwa da makewayi. Ki gaya wa ja-gora tun da safe cewa kuna bukatar minti 10, ki kuma sa ƙaramar buta ko gora a jaka. Alƙibla daga can gabas take, a ɗan karkata kudu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi, da lokacin Isha da Asuba a inda shafaƙi ba ya ɓacewa, wannan na malamai ne, kuma Musulmin Reykjavik suna da masallaci da jadawalin da suke bi, sai maigida ya nema idan kun sauka.

Wankan kuwa ba dole ba ne. Wani ƙorama ne a fili inda ruwan zafi da na sanyi suke haɗuwa a gindin ƙonannen dutsen, maza da mata a haɗe, babu katanga babu labule, kuma da yawa daga cikin masu zuwa ba sa shiga. Abin da zan roƙe ki shi ne ki riƙe hannun yaron a wuraren da ƙasa take tururi, kada ya sauka daga kan sawu ko taku ɗaya, domin ɓawon ƙasar a irin wuraren nan siriri ne, tafasasshen taɓo kuma yana ƙarƙashinsa.

Tambaya: Ɗana da ke aiki a Turai ya ce zai je kallon dutse mai aman wuta a wannan ƙasa. Ni dai na tuna shekarar da tokar wani dutse nasu ta hana jiragen sama tashi. Idan dutsen ya tashi suna kansa fa? Daga wani dattijo a Katsina.

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, tunaninka daidai ne. A watan Afrilun 2010 ne tokar dutsen Eyjafjallajokull ta sa aka rufe sararin samaniyar mafi yawan ƙasashen Turai na kusan mako guda, kuma duwatsun da ake kai baƙi wajensu rayayyu ne, ba matattu ba. Askja ya yi amansa na ƙarshe a 1961, kuma tun watan Agustan 2021 na'urori suke nuna ƙasar wurin tana kumbura a hankali, alamar narkakken dutse yana taruwa a ƙarƙashi. Kudu da shi kaɗan, a Holuhraun, wuta ta ɓalle daga Agustan 2014 zuwa Fabrairun 2015, ta shimfiɗa sabon dutse a kan murabba'in kilomita 85. Dutsen Hekla kuma, wanda ake wucewa ta gefensa a hanyar Landmannalaugar, an san shi da gajeren gargaɗi, domin a amansa na shekarar 2000 tsakanin girgizar farko da fitowar wuta bai kai awa biyu ba.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ƙasar ba ta bar duwatsun nan babu mai tsaro ba. Hukumar kula da yanayi tasu tana da na'urorin auna girgiza da motsin ƙasa a kewayensu dare da rana, kuma idan aka ga alama 'yan sanda da hukumar kare jama'a suna rufe hanyoyin, a aika saƙon gargaɗi zuwa wayoyin da ke yankin. Haka aka rufe yankin Holuhraun wata da watanni. A nan ma amfanin ja-gora yake fitowa, domin waya ba ta samun sabis a wurare da yawa na dajin, shi kuwa yana da rediyon da yake magana da masu gadin gandu da sauran direbobi, kuma ya san ta inda za a fita idan hanya ɗaya ta toshe. Ya kuma san haɗarin da ido ba ya gani. Iskar da irin duwatsun nan suke fitarwa wata ba ta da launi ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a cikin kwari da ramuka. Irinta ce ta taso daga tafkin Nyos na ƙasar Kamaru a daren 21 ga Agustan 1986 ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dabbobinsu. A Askja ma a watan Yulin 2014 wani ɓangaren tsauni ya zaftare cikin tafkin da daddare, igiyar ruwan ta haura har ta zuba cikin ramin Viti inda baƙi suke sauka da rana, Allah ya sa babu kowa a wurin a lokacin.

Saboda haka, Baba, ban ga dalilin hana shi ba, amma ka sa masa sharaɗi a matsayinka na uba. Ya tafi da kamfani mai lasisi, ya sanar da wani a masaukinsa inda za shi da lokacin da zai dawo, ya riƙe lambar agajin gaggawa ta ƙasar, wato 112, wadda ta ita ake samun 'yan sa-kai masu ceto da suke kafa sansani a cikin tsaunukan duk bazara. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi wuya ga matashin da ya kashe kuɗinsa ya zo daga nesa: idan ja-gora ya dubi sama ko ya dubi kogi ya ce a juya, ya juya ba tare da gardama ba, ko da bakin ramin saura taku ɗari. Ka ce masa kuma ya kira ka da zarar motarsu ta dawo kan kwalta, domin a nan ne waya take sake kamawa.